Matar da Ke Ara wa Fatalwa Baki

Hirome ba ta taɓa ganin fatalwa ba, ba ta kuma taɓa jin wata ta shige ta ba. Gara a faɗi wannan tun da fari, domin shekara talatin da ɗaya ta yi tana ara musu baki a manyan gidajen babban birni, kuma waɗanda suka san aikin sun ce ba a yi kamarta ba.

Uwarta wankin kaya take yi a bakin kogin Kamo. Ita kuwa tun tana ƙarama, in yunwa ta yi mata yawa sai jiri ya ɗebe ta, ta faɗi idanu a kafe. Tana shekara goma sha ɗaya wani malamin addu'a mai zaman kaɗaici a kan dutse ya ga ta yi irin wannan faɗuwa, ya ce wa uwar, yarinyar nan a buɗe take, za ta yi mazubi. Aikin mazubi ba ɓoyayye ba ne. In ciwo ya ƙi jin magani a jikin mace mai daraja, ko naƙuda ta yi gardama, kowa ya san wani abu ne ya danne ta. Sai a zaunar da mazubi a gefe, malami ya yi ta karatu yana kaɗa ƙararrawa, har abin ya saki mai ciwo ya koma kan mazubin. Daga nan a tsare shi da tambaya sai ya faɗi sunansa, don abin da bai faɗi suna ba, ba ya koruwa.

Ranar farko, tun hantsi aka zaunar da ita gefen wata mai naƙuda har rana ta karkata, ba abin da ya zo sai hayaƙin turare da ya cika mata ido. Malamin ya yi karatu har muryarsa ta dushe, ya fara yi mata wani irin kallo. Can wata tsohuwar baiwa ta rusuno kamar za ta gyara labule, ta raɗa mata a kunne, "Ce ke ce ƙanwar uwarta da ta mutu bara." Hirome ta faɗa, tana kuka na gaske, don tsoro. Ba a jima ba matar ta haihu. Ran nan ta fara cin farar shinkafa a rayuwarta, ran nan kuma ta gane cewa aikin na kunne ne.

Daga nan ta tsara wa kanta hanya. In an kira ta gida, sai ta riga malami zuwa da kwana biyu, ta zauna a madafa tana taya su tsintar shinkafa. Ba ta tambayar kowa komai, masu girki da masu wanki ba sa bukatar tambaya. Kafin kwana biyun su cika ta san wace mai raino aka kora da tsufanta, wace gwaggo ta yi jinya ba wanda ya leƙa ta, wace mace aka daina aika wa wasiƙa har ta mutu tana sauraron ƙarar keken shanu. Ba gidan da ba shi da irinsu. Ban ce kuma zamba zalla take yi ba. Ta sha gani da idonta, mai naƙuda na jin an ambaci suna, an ce an kama abin, sai jikinta ya saki, yaro ya fito. Da wannan take lallashin zuciyarta.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba: ba ta taɓa faɗin sunan namiji ba. Ba wanda ya hana ta, ita ta lura da kanta. Fatalwar namiji nauyi gare ta. In mutumin da aka zalunta ya tashi, ba kuka yake zuwa yi ba, hakkinsa yake nema. Sai a mayar masa da muƙaminsa yana cikin ƙasa, a gina masa ɗakin bauta, a dawo da 'ya'yansa daga inda aka watsa su, a kuma amsa a fada cewa an yi masa ba daidai ba. Mace kuwa, ta yi kuka, ta yamutsa gashi, malami ya daka mata tsawa, a yi mata karatun kwana bakwai, shi ke nan an rabu da ita. Shi ya sa in ka saurari labaran da matan gidajen nan ke karanta wa juna, sai ka rantse maza ba sa mutuwa da ɓacin rai.

A cikin gidajen da take zuwa akwai wani babba a layi na uku, gidan wani mai ba Sarki shawara. Maigidan bai gaji wannan muƙami ba, daga hannun yayansa Motokage ya karɓe shi, bayan ya shafa masa kashin kaji a fada. Aka kori Motokage zuwa tsibiri, ya mutu a can shekara uku baya. Kowa a gidan ya sani, ba kuma mai ɗaga maganar. Da aka rufe gidan marigayin, an kwaso labulayensa da akwatunansa, aka haɗo da wata daga cikin matan da ke yi wa iyalinsa hidima. Noto ake ce mata, sunan lardin da ubanta ya taɓa riƙewa. Uban ya mutu, ba wa, ba ƙane, ba miji. Abin da ya sa ake ajiye da ita shi ne ta iya ƙirƙirar labari. Tana rubutawa da rubutun mata, wato sassauƙan haruffan da ake koya wa mata, a bayan tsofaffin takardu, in damina ta kulle mutane a ɗaki sai ta karanta wa Uwargida da sauran mata.

Hirome ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma duk ranar karatu in tana gidan, za ka same ta tsugune a gindin baranda. A nan ta tsinci rabin maganganun da take sa wa fatalwowinta a baki. Sauran matan ba sa ko kallon inda take, don ana ganin mazubi na ɗauke da dauɗar abin da ya shige ta. Noto ce kaɗai wata rana ta ɗaga asabari ta leƙo.

"Iya Hirome, in tambaye ki mana. In abin ya shige ki, yaya kike ji?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya, kuma daɗin a kula ta ya ɗebe ta. Ta ce, "Sanyi ke farawa daga tafin ƙafa, 'yata, kamar na taka dutsen rafi. Sai harshe ya yi nauyi, sai in hango kaina daga sama."

"To ita wadda kurwarta ke fita tana raye fa? Tana sanin ta fita?"

"Ina za ta sani? Sai dai ta farka ta ga ƙasa a tafin ƙafarta, alhali ba ta sauka daga baranda ba."

Duk a nan take ta ƙaga shi. Noto kuwa ta ɗauka gaskiya ce, ta zuba shi cikin sabon labarinta, na wata mata da kurwarta ke fita ba ta sani ba. Labarin ya yi daɗi ƙwarai, aka yi ta kwafarsa gida-gida. Daga baya sai matan gidan suka fara raɗa a bayan mafici: wadda ta iya faɗin abin nan dalla-dalla haka, anya ba ta san hanya ba?

A watan tara na shekarar da labarin ya bazu Uwargida ta kwanta naƙudar ciki na uku, ta kwana biyu abu ya ƙi. Da safiyar rana ta uku, Korenaka, wakilin gidan, ya tare Hirome a bakin rijiya. Mutum ne mai ƙiba da taushin murya, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, bai kuma taɓa yafe wa kowa ba.

Ya ce, "Iya, yau wa za ki kawo mana?"

"Ni ke kawowa, ranka ya daɗe? Wanda ya zo shi ya zo."

"Bar wannan, mu biyu ne. Shekara nawa muna tare?"

Ta ce, "Akwai tsohuwar mai raino."

"Kin cinye ta a haihuwar fari. Gwaggon ma kin cinye ta a ta biyu. An yi musu karatu, Malam Enkai ya ce sun tafi. In suka dawo yau, kin ce Malam bai iya aikinsa ba ke nan."

"To ai matattun gidan sun ƙare."

"Wa ya ce miki sai matacciya?"

Korenaka ya leƙa cikin rijiyar kamar mai neman wani abu, ya ci gaba da magana a hankali.

"Tun jiya bayi ke raɗa sunan da ba a faɗa a gidan nan. Mai shara ma cewa ya yi ya ga namiji da doguwar hula a kan rufi. Maganar ta kai kunnen Maigida, ko ruwa ya kasa sha. Yana son a sami suna kafin rana ta faɗi. Akwai wadda kowa ya riga ya zarga, ke dai buɗe baki kawai za ki yi."

"Noto ba ta yi wa kowa komai ba."

"Ai ita ma ba ta san tana yi ba. Ba haka ta rubuta da hannunta ba?"

Hirome ta san abin da ake yi wa mai rai in aka ambace ta. A datse mata gashi, a fitar da ita hayin kogi, ba gidan da zai ƙara buɗe mata ƙofa. Bara aka yi wa wata haka a layi na shida, sanyi na shigowa aka tsinci gawarta a ƙarƙashin gada. Noto kuwa ko hura wuta ba ta iya ba.

Ta ce, "In bakina ya ƙi fa?"

"Akwai mazubi biyu a zaure suna jira. Sababbin shiga ne, abin da aka ce su faɗa za su faɗa. Na fi son naki ne don ya fi shiga jiki." Ya karkaɗe hannun rigarsa ya wuce.

Ta tsaya a bakin rijiyar, ƙafafunta sun yi sanyi, wannan karon da gaske. Ƙin magana ba zai ceci kowa ba. Dole a sami suna yau, kuma dole ya zama sunan da zai rufe zancen. Abin da ya fi cin ranta shi ne, ƙaryar da ta yi a gindin baranda ita ce igiyar da za a ɗaure yarinyar da ita.

Rana tsaka aka shigar da ita. An mayar da komai na ɗakin fari, labule fari, tabarma fara, matan duk cikin fararen kaya. A tsakar gida dogarai na ta kaɗa tsirkiyar baka don korar abin da ba a gani, wata tsohuwa na watsa ɗanyar shinkafa ko'ina. Uwargida na bayan labule, nishinta ya yi ƙasa, irin nishin da Hirome ba ta son ji. Maigida na zaune a baranda bayan asabari, ba a ganin komai nasa sai inuwa da mafici. Noto na durƙushe cikin sahun mata, shinkafa ta maƙale mata a gashi, tana murza hannu tana yi wa Uwargida addu'a. Ba ta lura ba cewa ta damanta da ta hagunta duk sun ɗan ja jiki sun bar ta ita kaɗai.

Malam Enkai ya zauna gaban Hirome, ya murza carbi, ya fara. Tsoho ne mai ƙaton kai da murya kamar ganga. Ta bar shi ya yi nisa, sannan ta fara abin da ta saba, rawar kafaɗa, juya wuya, numfashi sama-sama.

Ya ce, "An kama ki. Wace ce ke? Faɗi sunanki."

Ta ji idanu na zamewa daga kanta suna komawa kan Noto. Sai wata zuciya ta taso mata. Shekara talatin da ɗaya tana ɗora wa matattun mata laifi, ga shi yau akwai mataccen da aka zalunta da gaske, kowa a ɗakin nan ya san shi. Ta taɓa aiki a gidansa, ta san yadda yake gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana. Ta miƙe daga durƙuson mata, ta harɗe ƙafa irin zaman maza, ta baje kafaɗa. Ta yi gyaran murya sau biyu.

"Ƙanena," ta ce da kakkaurar murya, tana fuskantar baranda. "Rigar muƙamina ta yi maka daidai?"

Mafici ya faɗi a kan katako. Tsohuwa mai watsa shinkafa ta tsaya da hannu a sama. Ko masu kaɗa baka a waje kamar sun ji, suka lafa.

"Shekara uku ina kwance cikin yashi, ba wanda ya zuba mini ko ruwa. 'Ya'yana na cin gero a ƙauye. Kai kuma kana son ɗa namiji ya gaje ka? Ya gaji me? Abin wa?"

Daga bayan asabari aka ji wata murya siririya, wadda ba wanda ya taɓa ji daga bakin Maigida. "Yaya," ya ce. "Yaya, ni ban..."

Hirome ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba a aikin nan. Saura kalma ɗaya ya amsa laifinsa a gaban mutum arba'in.

"Ranka ya daɗe, a dakata," in ji Malam Enkai, ba tare da ya waiwaya ba. "Magana mai nauyi irin wannan ba a karɓarta haka kawai. A kawo tawada."

Aka kawo tawada da alƙalamin gashi da farar takarda, aka ajiye gabanta. Malamin ya tsura mata ido.

"In kai ne Motokage, ka san baitin da ka rubuta a ginshiƙin ƙofarka ranar da aka fita da kai. An kankare shi, amma ni na karanta shi kafin a kankare. Rubuta mana."

Baitin da rubutun maza yake, na mutanen Sin, wanda ko matan gidan ba a koya musu ba, balle 'yar mai wanki. A nan Hirome ta ga kuskurenta. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ce wa fatalwar mace ta kawo shaida ba. In ta ce ita ce wance, wance ce, an gama. Ita ta ɗauka haka ake yi wa kowa. Ta ɗauki alƙalamin a dunƙule kamar muciya. Tawada ta ɗiga a kan farar tabarma, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, kowa na kallo.

Korenaka ne ya yi magana daga bakin ƙofa, da taushin muryar nan tasa. "Malam, ashe mace ce ta ɓuya a bayan sunan namiji. Kuma macen da ta san gidan marigayi ciki da bai, har da yadda yake gyaran murya."

Yanzu ba a ɓoye kallon ba, duk ɗakin ya juya kan Noto. Ita kuwa ta ɗaga kai tana duban wannan tana duban waccan, sai a lokacin ta fahimta. Wata dattijuwa cikin matan ta ce, "A duba ƙafarta." Ta kai hannu ta kama gefen rigar Noto. Daga inda Hirome take zaune ta hango jar ƙasa a shafe a bakin farar rigar, daga baya, inda mai rigar ba za ta gani ba. An riga an shirya komai tun da safe. Ta zo ceto, ga shi ta ƙara wa wuƙar kaifi.

Malam Enkai ya kaɗa ƙararrawa a saitin kunnenta. "Ƙarya ta ƙare. A raye kike ko a mace? Faɗi sunanki."

Bayan labule nishin Uwargida ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. Dattijuwar ta fara ɗaga rigar. Hirome ta laluba cikin kanta, ta bi matattun gidan ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta rage. Mace ɗaya ce tak a ɗakin nan da za ta iya ambata ba ta ci amanar kowa ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta saki alƙalamin, ta saki muryar maza, ta yi wata dariya da ta sa dattijuwar sakin riga.

"A raye nake. Sunana Hirome."

Malamin ya ɗan ja baya. "Hirome ce zaune a gabana."

"Gangar jikinta ce zaune. Ni ce ke fita in barci ya ɗauke ta. Ni na san gidan marigayi, na yi aiki a madafarsa. Wa ya gaya wa waccan mai rubutun yadda ake fita? Ku tambaye ta. Ni na gaya mata, don ni na san hanya. Ƙasa kuke nema? Ga ƙasa."

Ta miƙe ƙafafunta biyu a kan farar tabarma. Mata suka ja da baya suna rufe fuska da hannun riga. Tafin ƙafar baƙi ƙirin, duk faso, ƙasa har cikin farce. To dama me za a gani a ƙafar matar da ba ta taɓa sa takalmi ba tun da aka haife ta? Amma a ɗakin nan ba wanda ya taɓa duban ƙafar talaka, sai suka ga abin al'ajabi.

"Me Uwargida ta yi miki?" in ji malamin.

Ba ta tanadi dalili ba. Bai bar ta ta wahala ba.

"Hassada," ya ce. "Ba ki haifa ba, kina kallon masu haifa."

Ta ce, "Haka ne."

Ya ɗaga murya ya yi karatun kora, ya jefe ta da shinkafa a fuska. Ta zube ƙasa kamar yadda ta saba. Tana nan kwance, kumatu a kan tabarma, ta ji Uwargida ta yi wata doguwar ƙara, sai shiru, sai kukan jariri. Namiji ne. Da yaron ya ƙara ko sa'a ɗaya bai fito ba, da wataƙila wani ya yi shakka. Amma ya zo a kan gaɓa, ba sauran mai musu.

Korenaka bai yi fushi ba. An ce a samo sunan mace, an samo, kuma wannan ta fi waccan sauƙi. Kafin rana ta faɗi an aske wa Hirome kai a bayan rumbun shinkafa, dogarai biyu suka tasa ta gaba har hayin kogi. Da za a wuce da ita ta gaban baranda ta ɗaga ido. Asabarin Noto a sauke yake.

Ba ta mutu a ƙarƙashin gada ba. Wadda ta tashi da yunwa ta san yadda ake zama da ita. Ta yi bara, ta yi tsintar itace, daga baya ta ɗaura ƙyalle a ka ta koma sayar da busasshen kifi a ƙarshen kasuwar gabas, inda ba a tambayar sunan kowa. Ba ta ƙara shiga babban gida ba. Wani lokaci in ta ji ƙararrawar malami daga nesa, kafaɗunta su fara rawa da kansu, sai ta tsawata musu.

Shekara tara bayan haka, wata baiwa mai surutu daga gidan wata gimbiya ta tsaya sayen kifi, tana ba abokiyar tafiyarta labari. Hirome ta ji an ce Noto, hannunta ya tsaya a kan kwando.

Ta ce, "'Yata, wace Noto?"

"Iya, a birnin nan akwai wanda bai san Noto ba? Ai a gidanmu take yanzu. Ɗakinta daban, keken shanunta daban, ta yi ƙiba har ba ta iya tashi sai an kama ta. Duk saboda labarin tsohuwar mazubi. Gimbiya ta sa an karanta mata shi sau bakwai."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Hirome. Yarinyar ta rayu ke nan, har da ƙiba. Ta ji hawaye na neman zuwa, ta mayar da su.

"Me ya faru a labarin?"

"Wata muguwar tsohuwa ce, baƙar ƙafa gare ta. Ashe tun tana budurwa take son maigidan a ɓoye, ita ba haihuwa, sai kurwarta ta riƙa fita tana shaƙe uwargida. Malami ya kama ta a gaban kowa. Ni fa ranar da na ji, kasa zuwa rijiya na yi ni kaɗai. An ce da gaske aka yi, wai a gaban mai labarin."

Hirome ta gyaɗa kai. Maigidan da ake cewa ta so, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Wannan bai dame ta ba, ta san yadda ake gina irin labaran nan, da hannunta aka yi ta gina su. Abu ɗaya take son ji.

"To yayan maigidan fa? Wanda aka kora tsibiri. Me labarin ya ce a kansa?"

Baiwar ta dubi abokiyarta, ta dubi tsohuwar. "Wane yaya kuma? Ba wani namiji a ciki, Iya, sai malamin da maigidan. Kin haɗa da wani labarin ne."

Hirome ta daɗe tana kallonta. Ba ta sani ba ko Noto ta manta ne, ko ta yarda da abin da ta gani ran nan, ko kuwa ta gane komai ta kuma gane abin da ake barin mace ta rubuta. Ba kuma wanda za ta tambaya. Baƙin ciki ya kama ta, ba don kanta da aka aske ba, sai don sau ɗaya tak ta faɗi gaskiya a rayuwarta, kuma ita ce kaɗai aka cire.

"Wataƙila na haɗa," ta ce. "Tsufa ne."

Ta naɗe kifin a ganye ta miƙa mata.